Ko a'a ce, a faɗa wa yaro

Ina da ɗan shagon kwamfuta a wajen Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina, irin wanda mutane ke kira kafe. Aikina buga takardu, fotokwafi da cike fom a intanet. Duk ranar da wata hukuma ta buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, ba sai na ji a rediyo ba. Kafin in iso da safe zan tarar da samari a bakin ƙofa, kowa da fayil ɗinsa na roba a hammata, wasu daga Batagarawa, wasu daga Rimi, har da waɗanda suka yi sammako daga Kaita ko Mashi. Ba sai na buɗe fayil ɗin ba, na san abin da ke ciki: kwalin digiri ko na difloma, takardar gama hidimar ƙasa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, lambar NIN, da hotunan fasfo. Wasu takardun har sun yi laushi don yawan shiga inji.

Daga wannan sintirin nake samun abin sawa a bakin salati, ban ɓoye ba. Kowane fom da na cike akwai ladana a ciki. Amma wanda ya zauna shekara da shekaru yana ganin fuskoki ɗaya suna dawowa, yana ganin yaron da ya fara zuwa da fara'a ya koma shigowa kansa a sunkuye, idan ya yi shiru ya ci amanar abin da idonsa ya gani. Ni ma kafin in buɗe shagon nan sai da na yi shekara huɗu ina yawo da irin wannan fayil.

Rashin aiki daban, wulaƙancin da ake yi wa mai neman aiki daban. Mun saba cuɗa su wuri ɗaya, mu ce ai haka ƙasar take, mu wuce. Na farkon yana buƙatar wutar lantarki da masana'antu da tsaro a gonaki, abubuwan da ba a gyarawa a shekara ɗaya. Na biyun kuwa hali ne kawai. Wanda ya tallata gurbi, ya tara mutane, ya yi ta jan su wata da watanni, ya sa suka kashe abin da ba su da shi, sannan ya yi gum da bakinsa, ba talaucin ƙasa ne ya sa shi ba. Ya ɗauka ne lokacin wanda ba shi da aiki ba shi da daraja.

Bari in ba da labarin autanmu, don shi ne wanda na gani tun daga farko har inda aka kwana. Fannin akanta ya karanta a jami'a, ya yi hidimar ƙasa a kudu, ya dawo gida. Wani kamfani mai zaman kansa, mai ofisoshi a Abuja da Legas, ya fitar da sanarwar ɗaukar matasa. A shagona muka cike fom, saura kwana kaɗan a kama azumi. Bayan ƙaramar salla saƙo ya shigo cewa ya tsallake, zai yi jarrabawa a intanet, minti arba'in, kyamara a kunne, in ya kau da kai daga allo an soke. Na sallami kwastomomi, na tayar da janareta, na ajiye wayoyi biyu a gefe ko da sabis ɗin ɗaya zai ɗauke. Ya ci. Bayan mako biyar aka ce ya zo Kano a sake wata jarrabawar, wannan karon a takarda, don a tabbatar shi ne ya yi ta farkon. Ban ga laifin wannan ba. Ya je, ya ci. Sai aka ce ya ɗauki bidiyon kansa yana amsa tambayoyi biyar ya tura. Ya tura. Damina ta faɗi, ta yi nisa.

Ana cikin haka wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a babbar kasuwa ya neme shi ya riƙe masa littafin shige da fice. Albashin ba yawa, amma na nan take ne. Auta ya zo ya same ni a shago.

"Yaya, in na karɓa kuma aka kira ni Abuja fa? Ba na so in shiga in fita, in ɓata tsakaninka da Alhaji."

Na ce ya ɗan dakata. Shawarata ce wannan, kuma har yau tana ci mini rai. Gonar da ya saba nomawa tare da ɗan kawunmu a hanyar Kaita ma bai leƙa ba a shekarar, don kullum yana zaton gobe za a kira.

Kiran ya zo wata Talata da yamma: intabiyu ranar Alhamis ƙarfe takwas na safe a Abuja. A daren Inna ta aika aka kira wani mahauci, ya saye tunkiyar da take kiwo a karye, don babu lokacin jiran kasuwa. Laraba da asuba ya shiga mota, ya bi ta Funtuwa da Zariya da Kaduna. Duk wanda ya san hanyoyin nan a 'yan shekarun nan ya san uwa ba ta rintsawa in ɗanta yana kansu. Ya kwana a ɗakin wani abokinsa a Mararraba, ya isa ofishin kafin bakwai da rabi. Ba a shigar da shi ba sai bayan la'asar, kuma bai cika minti goma sha biyar a ciki ba. Abubuwan da ya riga ya amsa a bidiyo su aka sake tambayarsa. Aka ce za a tuntuɓe shi.

Bayan wata guda aka tuntuɓe shi ɗin: ya kawo sakamakon gwajin lafiya daga asibiti, da kuɗinsa, ya kuma kawo masu tsaya masa mutum biyu, ɗaya ya kasance ma'aikacin gwamnati mai babban mataki. Na ɗauki ƙafa na je na roƙi wani tsohon malaminmu ya sa hannu. A gida har maƙwabta sun fara shigowa yi wa Inna barka. Daga nan sai ɗif. Ya aika imel sau uku, babu amsa. Lambar da ke kiransa ta daina shiga. Kowace safiya in ya shiga gaisuwa sai Inna ta ce, "Auta, har yanzu shiru?" Ya ce, "Shiru, Inna." Ta ce, "To, Allah Ya sa jinkirin alheri ne." Wata tara cif daga ranar da muka cike fom, ya ga hoton sababbin ma'aikatan kamfanin a Facebook, sun jeru cikin kwat. Ta haka ya san an gama.

Ban ce lallai sai sun ɗauke shi ba. Kamfaninsu ne, kuɗinsu ne, wataƙila waɗanda suka ɗauka sun fi shi. Kuma na san mai ɗaukar ma'aikata ma yana da nasa ciwon kan. Gurbi goma yake da shi, takardu dubbai suke zubo masa. A ciki akwai kwalayen bogi, akwai waɗanda aka yi musu jarrabawa, akwai mai digiri mai kyau da ba zai iya rubuta wasiƙa layi biyar ba. Ni da kaina na sha ganin irinsu a kan kujerar da ke gabana. Don haka tantancewa dole ce. Abin da nake musu a kansa shi ne a ce tantancewar sai ta ci wata tara, sai ta ci tunkiyar Inna da daminar Auta da aikin Alhaji, a ƙarshe kuma a rasa wanda zai rubuta layi ɗaya ya ce, "Mun gode, ba mu ɗauke ka ba." Kwamfutar da ta iya aika saƙon gayyata ga mutum dubu cikin ƙiftawar ido, ita ce dai za ta aika saƙon haƙuri. Na san wannan don sana'ata ce.

Akwai abin da masu tsara irin waɗannan matakai ba su lura da shi ba, ko kuma sun lura bai dame su ba. Suna zaton kowane sabon mataki yana tace gwanaye ne. Alhali daga mataki na uku zuwa sama, abin da ake tacewa shi ne aljihu. Ɗan da ubansa ke zaune a unguwar Gwarimpa cikin Abuja, in aka ce masa jibi ƙarfe takwas, kuɗin mai kawai zai nema. Ɗan Daura sai ya fara fitowa Kano, ya nemi motar Abuja, ya nemi makwanci, ya nemi na abinci, ya ajiye na dawowa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san inda kuɗin mota ya kai. Yaro nawa ne suka nuna mini saƙon gayyata a wayarsu, muka yi lissafi tare, suka mayar da wayar aljihu suka ce ba rabonsu ba ne? A takardar kamfani za a rubuta cewa ba su zo ba. Wani ma zai ɗora da cewa ai yaran arewa ba su da himma.

Ga 'ya mace abin ya ninka. Gidaje da yawa a nan ba za su bar budurwa ta kama hanyar Abuja ita kaɗai ta kwana inda ba a sani ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sai an nemi yaya ko ƙane ya raka ta, kuɗin mota ya zama biyu. In matar aure ce mai goyo, kwana ɗaya da aka ba ta bai isa ta shirya komai ba. Akwai wata baiwar Allah da ta karanta kimiyyar haɗa magunguna, ta ci duk jarrabawowin da aka yi mata a intanet a nan shagona, ta tsaya a matakin tafiya. Ba ilimi ya gaza mata ba.

Ita kanta intanet ɗin da ake cewa ta sauƙaƙa komai, ba kowa ta sauƙaƙa wa ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga. A watannin nan matasa daga wajajen Batsari da Safana da Ɗanmusa sai sun shigo birni kafin su ga ko an aiko musu da saƙo. Na ga wanda ya buɗe imel ɗinsa ya tarar an gayyace shi jarrabawa, ranar ta wuce da kwana shida. Ya daɗe zaune bai ce komai ba, ni ma ban sami abin faɗa masa ba.

Sai maganar shekaru, wadda ita ce ta fi ba ni takaici. Sanarwa za ta ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27, wata kuma ta ƙara da cewa ya kasance yana da gogewar aiki ta shekara biyu ko uku. Wa ya cinye wa yaran nan shekarunsu? A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na kusan wata tara, ga kullen korona. A 2022 sun sake yin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ƙara da shekarar da yaro ya yi yana jiran gurbin karatu, da watannin jiran a tura shi hidimar ƙasa, da shekarar hidimar kanta. Ɗan talakan da bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba zai fito yana da 26, wanda aka kai jami'ar kuɗi ko ƙasar waje ya fito yana da 21. Sannan kamfani ya riƙe shi wata tara, ya sake shi ya tarar ƙofar gaba ta rufe. Sakamakon haka ina ganinsa a kan tebur ɗina: takardun rantsuwar shekaru sababbi fil, mutum da gemunsa ya koma ɗan 24. Mun tsara hanyar da mai gaskiya ke faɗuwa tun a layin farko na fom, sannan mu zo muna neman amintattun ma'aikata.

Wannan duk a ɓangaren 'yan kasuwa ke nan. Na gwamnati ya fi muni, don ita ce ya kamata ta hana wasu. Ba mu manta da 15 ga Maris 2014 ba, ranar da aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa a faɗin ƙasar nan. Sama da mutum dubu 500 suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuma ba su kai dubu 5 ba. Aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 15 suka rasu. Daga baya shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya soke ɗaukar, ya ba da umarnin a ba iyalan kowane mamaci gurbi uku. Tun daga nan aka rage tara mutane a fili, aka koma intanet. Turmutsutsun ya ɓace daga idon kyamara, amma tunanin da ya haifar da shi yana nan daram: a tara kowa, a bar su su wahala, ba a bin kowa bashin bayani. Yanzu za a buɗe shafi, dubban ɗaruruwa su cike, a yi shekara ba a ji komai ba, wata rana kawai ka ji an ce waɗansu har sun fara karɓar albashi.

Kuma ba don babu ƙa'ida ba ne. Ƙa'idar hukumar raba daidai a ɗaukar ma'aikatan tarayya ta ce a tallata gurabe a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba mutane mako shida su nema. Amma sai ma'aikata ta nemi a ɗage mata tallatawar, a ɗage, ta ɗauki mutane a ɓoye. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna kan cinikin guraben aiki, mutane suka tsaya a bainar jama'a suka ce sun biya naira miliyan ɗaya ko fiye don a ba su aiki. Abin da muke raɗa a majalisun shayi ne aka faɗa da lasifika. Tun da can Bahaushe ya ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Abin da ke ƙona rai shi ne a riga a raba tuwon a ɗaka, sannan a fito tsakar gida a ce kowa ya kawo kwanonsa ya bi layi.

Mu Katsinawa muna da wani ƙarin nauyi a nan. Jihar nan ta fitar da Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta fitar da Muhammadu Buhari daga Daura. Saboda haka in yaronmu ya je kudu hidimar ƙasa ya ce daga Katsina yake, sai a ɗauka takardar aikinsa na jiransa a gida. Gaskiya ne wasu gidaje sun samu, kuma mun san su. Amma su waye ke cika bakin shagona? Garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, ya daɗe da yarda cewa karatu hanya ce. Yau ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Al-Qalam, ga ta tarayya a Dutsin-Ma, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman, ga kwalejojin ilimi, a Daura ma ga kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri. Kowace shekara suna yaye ɗalibai, masana'antun da za su karɓe su kuwa ba su taka kara sun karya ba. Don haka ɗan Katsina dole ya nemi aiki a nesa, kuma shi ne wanda dogon tsari ya fi cutarwa.

Kan lissafin gwamnati ma mai jiran ba ya bayyana. Hukumar ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta canza ma'auni, wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ya shiga sahun masu aiki, adadin ya sauko zuwa kashi 4.1. A wannan ma'aunin Auta, da yake taya ni fotokwafi ranar Asabar in ba shi na kati, ma'aikaci ne. Amma lokacin da aka buɗe rukuni na uku na N-Power a 2020, sama da mutum miliyan 5 suka nemi aikin wucin gadi na naira dubu 30 a wata. Wannan adadin ya fi kusa da abin da nake gani.

Shirun nan kuma yana da 'ya'ya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tunda hukuma ba ta faɗin komai, duk wanda ya kira ya ce shi na ciki ne, sunanka ya fito amma sai ka turo wani abu, za a saurare shi. Sau da yawa ana kawo mini takardar kama aiki a waya a ce in buga, in duba in ga tambarin ma a karkace yake. Ranar da ta fi yi mini nauyi ita ce ranar da wani dattijo ya shigo da ɗansa, ya ce, "Malam, a buga mana wannan da kala, a yi mata leda." Ya sayar da buhunan gero ya biya. Da bakina na gaya masa ta bogi ce. Da a ce an saba cewa kowace hukuma tana fitar da ranar da za ta bayyana sakamako, tana kuma liƙa sunaye kowa ya gani, da macucin nan bai sami abin sayarwa ba.

Kada wani ya ce mini ba zai yiwu ba saboda yawan jama'a. Hukumar JAMB tana yi wa yara fiye da miliyan ɗaya da rabi jarrabawa a kwamfuta kowace shekara, a cibiyoyin da ke jihohinsu, kuma cikin kwanaki yaro zai duba sakamakonsa ta saƙon waya. Tana da nata kurakuran, amma ta nuna ana iyawa. Cibiyoyin nan suna nan a Katsina da Daura da Funtuwa, mafi yawan shekara a rufe. A 2023 gwamnatin jihar nan ta ɗauki malaman makaranta sama da dubu 7 bayan jarrabawa, kuma a cikin jihar aka yi komai, ɗan Baure ko Sabuwa bai kwana a tashar Abuja ba. Me zai hana kamfani ya yi hayar cibiya ɗaya a kowace shiyya? In intabiyun minti goma sha biyar ce, me zai hana a yi ta ta bidiyo? In kuwa dole sai an ga mutum ido da ido, to a bari sai waɗanda suka rage ba su fi ninki biyu ko uku na guraben ba, a ba su mako guda su shirya, a biya musu kuɗin mota. Wanda ya kira, shi ke da nauyin baƙonsa. Gwajin lafiya kuma a bari sai an miƙa wa mutum takardar ɗauka. Tun ranar farko a rubuta a sanarwa: matakai kaza ne, albashi kaza ne, ranar kaza za mu gama. In ranar ta zo ba a gama ba, a faɗa.

Ba baƙon abu nake nema ba. Je ka babbar kasuwa ka ga yadda ake ɗaukar yaron shago. Maigida zai tambayi ɗan gidan wa ne, ya sa shi a gefe mako ɗaya ko biyu yana lura da hannunsa da bakinsa, yana ciyar da shi rana, yana ba shi na mota. In bai yi masa ba zai kira wanda ya kawo shi ya ce, "Yaron nan dai a nema masa wani wurin." Magana ta ƙare, kowa ya san matsayinsa. Mutumin da bai taɓa shiga ajin koyon sarrafa ma'aikata ba ya san cewa ba a gwada mutum a kan yunwarsa. A addinance ma mun karanta a Suratul Ƙasas yadda aka ɗauki Annabi Musa aiki a Madyana, an duba ƙarfi da amana, aka kuma faɗa masa sharaɗi da wa'adi ƙarara tun kafin ya fara. Hadisi ingantacce ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. A kan bashin dukiya aka faɗe shi, amma ni a ganina wanda ya ce wa mutum "za mu tuntuɓe ka" ya ɗauki bashi, kuma yana da halin biya.

Na san amsar da wasu za su ba ni: a daina jiran aikin ofis, a kama sana'a. Ni ma sana'ar na kama, kuma ita ke riƙe da ni. Kullum ina gaya wa yaran da ke zuwa wurina kada wanda ya ajiye abin da ke hannunsa saboda an ce ya tsallake mataki, don na ga abin da shawarata ta jawo wa ƙanena. Amma wannan magana ce tsakaninmu da 'ya'yanmu. Ba ta wanke wanda ya tallata aiki ya yi wasa da mutane ba. Kuma sau da yawa masu yi mana wa'azin sana'ar, nasu 'ya'yan ba su taɓa cike fom ba, a falo aka miƙa musu takardar. Mu ma da namu laifin. In ɗan majalisa ya zo gari, ba ma tambayarsa me ya yi don a tilasta wa hukumomi tallata gurabe da bayyana sakamako. Kowa takardar neman aikin ɗansa yake cusa masa a aljihu. In ya ba mutum uku, sai mu yi ta yabonsa a rediyo, sauran dubu uku su koma gindin bishiya, mu kuma kira su masu zaman kashe wando.

Auta yanzu yana zaune da na'urar POS a bakin wani kanti, aikin Alhaji tuni wani ya shige. Inna ta daina tambaya. Makon jiya aka buɗe wani shafin, samari suka cika shago har waje. Bayan isha'i, da jama'a suka watse, sai ga shi ya shigo da fayil ɗinsa. Muka cike suna, muka cike jiha da ƙaramar hukuma, muka ɗora hoto. Da muka iso kan ranar haihuwa na sake karanta sharaɗin, na ga ya haura iyakar da wata biyu. Na ce, "Auta, me zan rubuta?" Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya tattara takardunsa ya mayar cikin fayil, ya ce, "Yaya, rufe shafin kawai."